Kwaɗin Baje Koli da Irin Albasar Babana

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Kwamitin Baje Kolin Kimiyya na Makarantun 'Yan Mata,
Shiyyar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti, ina yi maka sannu da gajiyar taro. Na san gajiyar tana da yawa, domin duk zuwan da na yi ofishinka ce mini ake yi kana wajen taro. Allah ya ba da ladan zama.

Sunana Hafsatu, ina aji biyu na babbar sakandare a makarantar da aka yi baje kolin bana. Ba za ka gane ni da suna ba. Amma in ka duba hoton da kwamiti ya ɗauka ranar rufewa, wanda aka yi ta turawa a waya, za ka ga wata yarinya a gefen hagu ta sunkuyar da kai, tana riƙe da shuɗin bokiti. Ni ce. Ban iya magana a gaban manya ba. Ko a aji in malami ya kira sunana sai na kusa da ni ta maimaita masa abin da na ce. Shi ya sa na zaɓi rubutu, kuma na sa shi inda kowa zai gani, don wanda na bari a ofis ina jin shi ma an tafi da shi taro.

Maganata a taƙaice ita ce: an hana mahaifina jan ruwa daga tafkin unguwarmu bisa zargin ya zuba guba ya kashe kwaɗi. Irin albasarsa ya kai dashe, babu ruwan da za a dasa shi. Kwaɗin nan kuwa sun fara mutuwa ne bayan kwamitinka ya kawo mana baƙi a bokiti. Zan bi abin daki-daki kamar yadda aka koya mana.

Na farko, ina tuna maka da darasin da ka ba wa kyauta.

An umarci kowace makaranta ta zo da wata halitta mai rai daga yankinta. Da yake kwaɗo ba ya cizo kuma ba a sayensa, kusan kowa shi ya kawo. Akwai na fadamun Ƙiru, akwai na magudanan Tudun Wada, akwai namu na nan Bebeji. Sai wata ɗaliba daga Doguwa, Bilkisu, ta zo da nata guda ɗaya a kwalba mai hudajjen murfi. Ta samo shi ne a wani rafi mai sanyi da ke gangarowa daga duwatsun wajensu. Bai da lafiya. Cikinsa ya yi ja, fatarsa tana saɓulewa, ya baje ƙafafun baya kamar ba nasa ba.

Bilkisu ta tsaya a gabanka ta yi bayani. Ta ce akwai cutar da masana ke kira kaitirid, wata irin funfuna ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, tana yawo a cikin ruwa. Tana kama fatar kwaɗo ta kaurara ta. Shi kuwa kwaɗo da fatarsa yake shan ruwa, da ita yake wani ɓangare na numfashinsa, saboda haka in fatar ta lalace ƙarshenta zuciyarsa ce ke tsayawa. Ta ce ba ta kama mutum ko dabbar gida. Ta ce ta fi ƙarfi lokacin sanyi, kuma wani kwaɗon yana ɗauke da ita alhali jikinsa garau. Ta ce ta ƙarar da kwaɗi a ƙasashe da yawa, kuma babbar hanyar yaɗuwarta ita ce mutane su ɗauki kwaɗo ko ruwa ko jiƙaƙƙiyar koma daga wani wuri su kai wani. Ta kuma faɗi gaskiya cewa ba ta tabbatar ita ce ke damun nata ba sai an gwada, shi ya sa ta ware shi. A jikin kwalbar ta manna takarda da manyan baƙaƙe: kada a haɗa shi da sauran. Ta rubuta da Hausa, ta sake rubutawa da Turanci saboda manyan baƙi.

Ranka ya daɗe, kai ne ka fara tafi. Kai ka miƙa mata kyautar ta ɗaya. Ka ce irin wannan ilimi kwamiti yake so, ilimin da ake aiki da shi, ba wanda ake haddacewa a zubar a takardar jarrabawa ba. Na rubuta wannan maganar a tafin hannuna don ta burge ni. Ban san aikin da za a yi da ilimin zai zo da sauri haka ba.

Na biyu, maganar tausayi.

Ba a gama cin shinkafar taro ba aka fara tambayar yadda za a yi da kwaɗin. Direbobin makarantu suka ce ba za su koma da su a mota ba, don sun sha wari a zuwa. Sai ka tashi ka tunatar da mu cewa addininmu ya hana kashe kwaɗo, kuma barinsu su mutu a kwalabe daidai yake da kashe su. Wannan gaskiya ne, haka aka koya mana a Islamiyya, kuma kowa ya gyaɗa kai. Sai ka sa aka kawo duro, aka zuba ruwa, aka juye kwaɗin ƙananan hukumomi huɗu a ciki domin su sha iska kafin a sake su. Ban taɓa ganin haɗin kan shiyya irin na ranar ba.

Da aka zo kan kwalbar Doguwa, Bilkisu ta rungume ta ta nuna maka takardar. Ka yi dariya, ka ce da ita: "Yarinya, mara lafiya ai shi ya fi kowa buƙatar 'yan'uwa a kusa." Manyan baƙi suka yi dariya su ma. Aka juye mara lafiyar a duro, aka kai shi dubiya, ko in ce aka kai wa sauran shi.

Ni ma na ɗaga hannu. Gaskiya bai wuce kafaɗata ba, amma a wajena wannan babban ɗagawa ne. Malamar Bayolojinmu tana gefena, ta danne shi a hankali ta raɗa mini: "Hafsatu, ki rufa mini asiri, Shugaba ne." Ban ga laifinta ba, tana da yara kuma tana son aikinta. Bayan haka aka tambayi wadda gidansu ya fi kusa da ruwa, 'yan ajinmu duk suka nuna ni. Aka kwashe kwaɗin a bokiti, aka sa ni a motar kwamiti tare da sakatarenka da mai ɗaukar hoto, muka nufi tafkin unguwarmu. Ni na riƙe bokiti, sakatare ya karkata shi, mai hoto ya ce mu sake don bai fito ba. Da yake babu sauran kwaɗo a ciki, na biyun ruwa kawai aka zubar. Shi ne hoton da ya fi kyau.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Tafkin nan shi ne ruwan da ke kwana mana har tsakiyar rani. Mata suna wanki a gefe guda, shanun rugar da ke bayanmu suna sha a ɗaya gefen, yara suna kama tarwaɗa. Kwaɗinsa kuwa ba wanda ya taɓa kula da su sai in sun hana mutum jin rediyo. Da sanyi ya fara shigowa, mahaifiyata ce ta fara lura. Ta ce wai yanzu bayan magariba har ƙugin manyan motocin hanyar Kwanar Dangora take jiyowa, abin da da ba ta ji saboda hayaniyar tafki.

Sai muka fara ganinsu da rana tsaka a fili, a kan taɓo, inda kwaɗo mai hankali ba ya zama. Yara su tsokane su da kara, ba sa tsalle. In aka kifar da ɗaya ba ya iya juyowa. Cikinsu ja, fatarsu tana fita fara-fara kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na tsuguna na duba da kyau, ranka ya daɗe, kamar yadda aka ce mai kimiyya ya riƙa yi. Irin na kwalbar Bilkisu ne sak. Ba rana ɗaya suka mutu ba. Yau a tsinci kaɗan, gobe a tsinci fiye da haka, har bakin ruwan ya fara wari.

Ardon rugar ya je wajen Mai Unguwa ya ce shi ba zai zuba ido a kashe masa shanu ba, ruwan da ya kashe kwaɗo gobe saniya zai kashe. Yana da gaskiyar tsoronsa. Mai Unguwa ya tara mutane a zaure aka fara neman wanda ya zuba guba. Ba a sha wahalar nema ba.

Na huɗu, mahaifina.

Sunansa Malam Sale. Injin ban ruwansa ne kaɗai a bakin tafkin, kuma yana da injin feshi da maƙwabta ke ara. Sannan mu mutanen dam ne. Kakana ya taso nan ne lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinsu. A unguwar nan aka haifi Baba, a nan aka yi masa kaciya, a nan ya binne iyayensa, amma in akuya ta ɓata ko rijiya ta ƙafe sai ka ji an ce a tambayi baƙin dam. Kwamiti bai ƙirƙiro wannan ba, ban ɗora maka shi ba. Kwamiti dai ya ba shi abin yi.

Baba ya rantse bai yi feshi ba tun da aka girbe wake. Albasa tana fangali ko dasa ta ba a yi ba, me zai fesa wa magani? Injin feshin ma a gida yake wanke shi, a bayan ɗaki, don Inna ba ta yarda ya kai shi ko kusa da inda take wanki. Na roƙi kawuna ya shigar da ni zauren, na durƙusa na ba da labarin bokiti tun daga kwalba har hoto. Sai da aka ce in ɗaga murya. Na ce in guba ce, me ya sa tarwaɗa da karfasa suke nan lafiya? Me ya sa talibambam suke ta iyo, agwagi suna wanka, awaki suna sha ba abin da ya same su? Wace irin guba ce mai ladabi haka, da za ta wuce kowa ta zaɓi kwaɗo, kuma ta riƙa kashe su kaɗan-kaɗan kamar mai biyan adashi?

Mai Unguwa dattijo ne mai adalci, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce: "'Yar nan, mun ga motar, mun ga bokitin. Amma tun da nake ban taɓa jin kwaɗo ya kashe kwaɗo ba. Kuma manyan da suka yi boko har suka gaji ba za su ɗauko cuta a mota su kawo mana ba." Ka ga irin kyakkyawan zaton da ake yi muku a ƙauye, ranka ya daɗe. Na so a ce kana wajen ka ji. Daga ƙarshe ya yanke cewa Baba ya naɗe tiyonsa ya ɗauke inji, har sai wani babba daga cikinku ya zo ya faɗa da bakinsa, ko ya aiko a rubuce da sa hannu, cewa abin da yarinya ta faɗa haka ne.

Tun ranar da jarka muke ba irin ruwa. Rijiyar gidanmu muke ja, ni da Inna, Baba yana turawa a baro har lambu. Rijiyar ta fara ba da taɓo. Ko da ba ta ƙafe ba, jarka tana iya riƙe ran iri a fangali amma ba ta iya dashe, don dashe sai an jiƙa fili gaba ɗaya. Maƙwabtanmu masu rijiyar burtsatse a lambu sun dasa nasu har ya miƙe. Namu ya cunkushe, bakin ganyen ya fara rawaya. Albasar rani ita ce ke kai mu damina, ita ce littafina da takalmina da kuɗin jarrabawar da ke gabana. Rannan a ƙofar masallaci wani ya ce wa Baba: "Malam Sale, an gama da kwaɗi, yaushe za a zo kanmu?" Baba ya yi murmushi ya sa takalminsa. Da ya dawo gida bai ci tuwo ba, ya ce wai ƙoshi ne.

Na biyar, ziyarata ofis.

Kawu ya raka ni. Zuwan farko aka ce kana taro a Kano. Zuwa na biyu muka sami sakatarenka, wanda ya karkata bokitin da hannunsa. Ya gane ni, har ya tambayi kwaɗinmu. Da na ce sun mutu tare da na gari, sai ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Na yi masa bayanin abin da Mai Unguwa yake so, layi biyu kawai da sa hannu. Ya jingina da kujera ya ce: "Kwaɗo ɗalibi ne? Yana da lambar jarrabawa? To mu ilimi muke kula da shi, ki je wajen masu aikin gona." Masu aikin gona suka ce kwaɗo ba amfanin gona ba ne, mu je wajen masu muhalli. Masu muhalli suna taro, wataƙila tare da kai. Amma ba zan yi butulci ba, ban fito daga ofishinka hannu rabbana ba. An ba ni takardar shaidar halartar baje koli, mai zanen zinare a gefe. Na kai wa Mai Unguwa ko za ta yi. Ya juya ta, ya ce tana da kyau, amma bai ga kwaɗo a ciki ba.

A bangon ofishin na ga sanarwar baje kolin baɗi. An ce za a faɗaɗa shi, kowace makaranta ta ƙaro halittu. Na taya kwamiti murna. Ina dai roƙon a sanar da wuri unguwar da za a kai wa tausayin, don masu lambu su san abin da za su shuka.

Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce, ba zan ce na tabbatar kaitirid ce ba. Abin da na gani da abin da na ji a gabanka na faɗa. Saboda haka ga roƙona.

Ka zo, ko ka aiko wa Mai Unguwarmu a rubuce cewa kwamiti ne ya saki kwaɗin wurare daban-daban a tafkinmu, har da mara lafiyar da aka ce kada a haɗa. Ba sai ka ce an yi kuskure ba, na san kalmar tana da nauyi a bakin manya. Ka ce an yi kawai.

Ka nemi masana daga jami'a su zo su gwada. Malama ta ce ba sai an kashe ko ɗaya ba, auduga ake gogawa a fatarsu a tafi da ita, don haka babu abin da zai taɓa tausayin kwamiti. In gwaji ya nuna guba ce, a hukunta Baba da hujja, ni da kaina zan naɗe tiyon. In ya nuna cuta ce, a faɗa a zauren da aka kira shi.

A kuma gaya wa masunta su daina ɗibar ƙananan kwaɗi daga tafkinmu suna kai wa dam don sa wa ƙugiya, su riƙa shanya koma ta bushe ƙayau kafin su jefa ta a wani ruwan. Na gaya wa biyu daga cikinsu, suka ce in gaishe da Malam Sale. Ku za su ji maganarku, kuna da mota.

Baba bai so in rubuta wannan ba. Ya ce ba a jayayya da manya, kuma yana tsoron a cire ni daga makaranta. Na ce masa kwamitin da bai iya kashe kwaɗo ba ai ba zai kori yarinya ba. Bai yi dariya ba. Jiya ya gaya wa Inna cewa in kasuwa mai zuwa ta ci ba labari, zai tumɓuke irin ya kai wa wani ɗan'uwansa a garin Ƙofa ya dasa a nasa lambun, shi kuma ya tafi Kwanar Dangora ya nemi dako har damina. Baba yana da ciwon baya. Ya ce ya fi masa sauƙi ya ga albasarsa a gonar wani da ya ga ta mutu a tasa.

Saboda haka in ka san ba za ka zo ba kuma ba za ka rubuta ba, ina roƙonka da girman Allah ka aiko a faɗa mana hakan. Wannan ma taimako ne. Sai mu daina jan rijiya, mu kyautar da irin tun yana da rai.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya raya maka zuri'a, ya ba 'ya'yanka ilimin da ake aiki da shi. Allah ya sa duk ranar da ɗayansu ya faɗi gaskiya da ƙaramar murya, a samu babban da zai tsaya ya ce haka ne.

Wassalam.

Ɗalibarka mai biyayya,
Hafsatu.